Shekara 6,000 ko biliyan 4.5? Farawa sura ta ɗaya da shekarun duniya

Tambaya: Baba, ina gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni ɗaliba ce a jami'a, aji biyu, ina karanta ilimin duwatsu da ma'adinai. Tun muna makarantar Lahadi aka koya mana cewa Allah ya halicci duniya cikin kwana shida, kuma ba ta wuce shekara 6,000 ba. Yanzu malamanmu suna cewa shekarunta biliyan 4.5 ne. A taron matasa na bara wani mai wa'azi ya ce duk wanda ya yarda da miliyoyin shekaru ya ƙaryata Littafi Mai Tsarki tun daga aya ta farko. A jarrabawa ina rubuta abin da malamai suke so, amma zuciyata tana hukunta ni kamar na yi ƙarya. Wanne zan kama? Ko in sauya kwas ne?

*Wata 'yar Zumuntar Matasa daga Kudancin Kaduna*

Amsa: 'Yata, sannu da karatu, Allah ya ba da sa'a. Kada ki sauya kwas, kuma ba ki yi ƙarya ba. An tambaye ki abin da awon duwatsu ya nuna, kin faɗa. Ra'ayina a matsayin mai koyar da Tsohon Alkawari shi ne duniya tsohuwa ce ƙwarai, kamar yadda malamanki suke faɗa, Farawa kuma Maganar Allah ce, kamar yadda iyayenki suka koya miki. Abin da ya haɗa su faɗa a zuciyarki wani lissafi ne da mutane suka yi suka jingina wa Littafin. Akwai wurare biyu ko uku da maganar take da nauyi na gaske, zan kawo su ba tare da ɓoye komai ba, amma bari mu fara da lissafin.

Ki buɗe Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Wahayi, babu ayar da ta ce shekarun duniya kaza ne. Adadin 6,000 tara shi aka yi. Wanda ya fi shahara da wannan aiki shi ne James Ussher, babban bishop na Armagh a ƙasar Ailan, mutum mai zurfin ilimi, kada ki raina shi. A 1650 ya wallafa lissafinsa. Ya bi shekarun kakanni da ke Farawa sura 5 da 11, ya haɗa da shekarun sarautar sarakunan Yahuza da Isra'ila, ya ɗaura su da tarihin Babila da Farisa, sai ya ce an fara halitta da yammacin da ya gabaci Lahadi, 23 ga Oktoba, shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Daga 1701 masu buga Littafi Mai Tsarki na Turanci suka riƙa sa wannan adadi a gefen shafi, kusa da Farawa 1:1. Tsara bayan tsara ana ganinsa a wurin, har mutane suka ɗauka shi ma Musa ne ya rubuta.

Lambobin da ake tarawa ma ba su zo iri ɗaya a tsofaffin rubuce-rubuce ba. Daga Adamu zuwa ruwan tsufana, rubutun Ibrananci ya ba da shekara 1,656. Tsohuwar fassarar Helenanci, Septuwajin, wadda manzanni suka yi ta ɗauko ayoyi daga cikinta, ta ba da 2,242. Attaurar Samariyawa ta ba da 1,307. Shi ya sa ikilisiyoyin Gabas suka daɗe suna ƙirga halitta daga wajen shekara 5,500 kafin Almasihu, kalandar Yahudawa kuma daga 3761 take farawa. Dukansu masu girmama Littafin ne, amma kowa da adadinsa.

Sai kuma jerin asali kansa. Ki duba Matiyu 1:8, inda aka ce Yoram ya haifi Uzziya. Yanzu koma 2 Sarakuna, ko 1 Tarihi 3:11-12. Za ki tarar da sarakuna uku a tsakaninsu: Ahaziya, Yowash da Amaziya. Matiyu bai manta da su ba, Bayahude ne da ya san tarihin gidan Dawuda ciki da waje. Ya tsara jerin ne kashi uku, sha huɗu sha huɗu, ya tsallake wanda ya ga dama, kuma babu mai karatu na zamaninsa da ya ce ya yi ƙarya. Mu ma mun san wannan. Maroƙi yakan kira sarkin Kano jikan Dabo, alhali Ibrahim Dabo ya rasu tun 1846, kuma akwai kakanni a tsakani da ba a ambata ba. Maroƙin gida yake nunawa, ba shekaru yake ƙirgawa ba. Haka Fitowa 6 ta kawo Lawi, Kohat, Amram, sai Musa, suna huɗu kacal, a zaman Masar da Fitowa 12:40 ta ce shekara 430 ne. Littafin Ƙidaya 3:28 kuwa ya ce a zamanin Musa mazajen zuriyar Kohat sun kai 8,600. Idan Kohat kakan Musa ne na kusa, ina aka samo wannan taro? Luka 3:36 ma ya saka sunan Kenan tsakanin Arfakshad da Shela, sunan da babu shi a Farawa 11 na Ibrananci. William Henry Green na makarantar tauhidi ta Princeton, wanda ya ƙare rayuwarsa yana kare hurarriyar Magana, ya baje waɗannan hujjoji tun 1890.

Mai ra'ayin 6,000 zai ce Farawa 5 daban take, domin tana faɗin shekarun uba lokacin da ya haifi ɗa. Wannan magana ce mai ƙarfi, ban ce ba ta da amsa ba, amma na yarda tana da ƙarfi. Na kuma yarda cewa ko an tsallake sunaye nawa, jerin asali ba zai miƙe ya kai biliyoyin shekaru ba. Sai dai ki lura, jerin daga Adamu ya fara. Bai ce komai ba game da tsawon lokacin da ƙasa ta yi kafin a sa mutum a kanta. Wannan ya rataya ne a kan yadda muka fahimci kwana shida.

Masu cewa kwanakin na sa'a 24 ne ba da ka suke magana ba. Kowace rana an ce aka yi maraice, aka yi safiya. An ƙirga su ɗaya, biyu, uku. Fitowa 20:11 ta ce a kiyaye Asabar domin cikin kwana shida Ubangiji ya yi sama da ƙasa. Basil na Kaisariya a ƙarni na 4 haka ya karanta, Luther da Calvin ma haka. Duk wanda ya riƙe wannan saboda tsoron Allah ɗan'uwanki ne, ki ba shi girmansa.

Amma surar da kanta tana da alamomin da suke sa mai karatu ya dakata. Maraice da safiya, a saninmu, faɗuwar rana da fitowarta ne. To rana ba a yi ta ba sai a kwana na huɗu, kuma aya ta 14 ta ce aikinta shi ne ta zama ma'aunin kwanaki da shekaru. Kwana ukun farko da wane ma'auni aka auna su? Rana ta bakwai kuma ita kaɗai ce ba a rufe ta da maraice da safiya ba, marubucin Ibraniyawa sura 4 ya ɗauke ta a matsayin hutun da har yanzu ƙofarsa a buɗe take ga masu bi. Farawa 2:4 ta tattara dukan aikin ta kira shi ranar da Ubangiji Allah ya yi duniya da sammai. Aya ta 5 ta ce ba tsiro tukuna domin Allah bai sa an yi ruwa ba, kuma babu mutumin da zai yi noma. Wannan dalilin manomi ne, wanda ya san shuka tana jiran damina. Da a ce tsakanin tsiro da mutum kwana uku ne kawai, rashin ruwan sama bai isa ya zama dalili ba.

Ba masana kimiyya suka fara ganin waɗannan abubuwa ba. 'Yan Afirka ne, tun ba a san wani abu wai shi ilimin duwatsu ba. Origen na Iskandariya a Masar, a ƙarni na 3, ya tambaya wane mai hankali zai ɗauka an yi maraice da safiya har sau uku babu rana babu wata. Augustine, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya kammala babban sharhinsa kan Farawa wajen shekara ta 415. Shi a ganinsa Allah ya halicci komai a lokaci guda, kwanakin kuma hanya ce ta jera mana aikin yadda za mu gane. In faɗa miki gaskiya, Augustine bai yarda da tsohuwar duniya ba, ya ɗauka tarihin mutum bai cika shekara 6,000 ba. Abin da nake so ki ɗauka daga wurinsa shi ne karanta kwanakin ta wata fuska ba tsoron Darwin, mai koyarwar juyin halitta, ya kawo shi ba, ya girmi Darwin da shekara fiye da 1,400. Shi ne kuma ya yi gargaɗin cewa abin kunya ne marar bi ya ji Kirista yana shirme kan taurari da ƙasa yana cewa Littafi ne ya faɗa, domin daga nan ba zai ƙara sauraronsa kan tashin matattu ba.

Yanzu ɗauki takarda ki ja layi a tsakiya. Aya ta 2 ta ce duniya ba ta da siffa, kuma wofi take. A hagu rubuta kwana ukun farko: haske da duhu, sararin sama da ruwaye, busasshiyar ƙasa da tsire-tsire. A dama rubuta ukun ƙarshe: rana, wata da taurari, tsuntsaye da kifaye, dabbobi da mutum. Kin ga yadda suka yi daidai? Na huɗu ya cika na ɗaya, na biyar ya cika na biyu, na shida ya cika na uku. Ukun farko sun magance rashin siffa, ukun baya sun magance wofi. Wannan tsari da gangan aka yi shi. Fahimtata ita ce Allah ya nuna mana aikinsa cikin siffar makon ma'aikaci, wanda yake fita da safe, ya tashi da yamma, ya huta rana ta bakwai, domin Isra'ila ta yi koyi da shi. Kwanakin na Allah ne, namu kwaikwayonsu ne. Da haka nake karanta Fitowa 20:11. Ki gwada ta da Fitowa 31:17, inda aka ce a rana ta bakwai Allah ya huta ya wartsake, alhali Ishaya 40:28 ya ce ba ya gajiya. Babu wanda yake cewa Allah ya yi haki. Mun gane an yi maganar da harshenmu ne. Idan hutun haka yake, ban ga abin da zai tilasta kwanakin aikin su zama na agogonmu ba.

Ki tuna kuma da waɗanda aka fara karanta wa surar. Mutane ne da suka fito daga Masar inda ake yi wa rana sujada da sunan Ra, maƙwabtansu na Babila kuma suna bauta wa Shamash da Sin, wato rana da wata. Farawa ko sunansu ba ta kira ba, ta ce manyan fitilu biyu, babba da ƙarami, an rataye su su yi aiki. Dodannin teku da al'ummai suke tsoro, ta ce halittu ne kamar sauran. Mutum kuma, namiji da mace, cikin kamannin Allah aka yi shi. Wannan shi ne yaƙin da surar ta fito yi. Calvin da kansa, da ya zo aya ta 16, ya ce masana taurari sun nuna duniyar Saturn ta fi wata girma, amma Musa ya yi magana ne yadda idon talaka yake gani, a aya ta 6 kuma ya ce mai son ilimin taurari ya nema a wani wuri.

Akwai wasu hanyoyi biyu da za ki ji ana ambata. Ɗaya ta ce akwai dogon zamani tsakanin aya ta 1 da ta 2, wanda aka hallaka wata tsohuwar duniya a cikinsa. Thomas Chalmers na Sikotland ya yaɗa ta, bayanan gefe na Littafi Mai Tsarki bugun Scofield na 1909 suka kai ta ko'ina. Ɗayar ta ce kowace rana zamani ce mai tsawo. Ban kama ko ɗaya ba. Ta farko tana cusa labari a inda nassi ya yi shiru, ta biyu kuma tana wahalar da kanta wajen daidaita jerin kwanakin da jerin duwatsu, alhali ba sa daidaituwa: itatuwa masu 'ya'ya sun zo a kwana na uku, kifaye a na biyar, a cikin duwatsu kuwa kifaye sun riga su nesa ba kusa ba. Na kawo su ne don ki san cewa shekara 100 da suka wuce yawancin masu wa'azin bishara na Ingila da Amurka ɗaya daga cikin biyun nan suka riƙe. William Jennings Bryan, wanda ya tsaya wa masu adawa da koyar da juyin halitta a shari'ar Scopes ta 1925, da aka tambaye shi a gaban kotu ya ce bai ɗauka kwanakin lalle na sa'a 24 ba ne. Koyarwar cewa ruwan tsufana ne ya shimfiɗa kusan dukan duwatsu cikin shekara guda, George McCready Price, ɗan ɗarikar Adventist, ya tsara ta a 1923, sannan John Whitcomb da Henry Morris suka farfaɗo da ita a littafinsu na 1961. Yawancin ƙasidu da bidiyon da suke yawo a wayoyin matasanmu daga wannan reshe suka fito.

To, me duwatsun suka ce? Wannan fagenki ne, amma bari in faɗa saboda sauran masu karatu. Yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit ta Nijar, yana rikiɗewa a hankali ya zama dalma. Nau'in da ake kira 238 yana ɗaukar shekara biliyan 4.47 kafin rabinsa ya rikiɗe, nau'in 235 kuma shekara miliyan 704. Akwai wani ɗan ƙanƙanin ma'adini, zirkon, wanda lokacin da yake daskarewa yakan karɓi yuraniyom ya ƙi dalma. Saboda haka dalmar da aka tarar a cikinsa daga baya ta taru. Ƙwaya ɗaya tana ɗauke da ma'auni biyu masu gudu daban, idan suka ba da amsa ɗaya, da wuya a ce dace ne. Zirkon na tsaunukan Jack Hills a Ostareliya ya ba da shekara biliyan 4.4. Clair Patterson a 1956 ya auna dalmar duwatsun da suka faɗo daga sama ya sami biliyan 4.55, yau kusan shekara 70 ana sake awo da hanyoyi daban-daban, adadin bai gusa ba sai kaɗan, ana cewa 4.54. Duwatsun Jos da suka ba mu kuza, waɗanda ake kira ƙanana saboda na ƙarƙashinsu sun girme su, sun haura shekara miliyan 150.

Za a ce miki wa ya sani ko dā rikiɗewar ta fi sauri. Masu ra'ayin sabuwar duniya sun kafa kwamitin bincike na kansu a Amurka kan wannan, suka fitar da sakamako a 2005. Sun amince cewa duwatsu suna ɗauke da shaidar rikiɗewa ta ɗaruruwan miliyoyin shekaru idan aka bi saurin yau, sai suka ce Allah ya hanzarta ta a makon halitta da lokacin tsufana. Sun kuma amince cewa zafin da wannan zai haifar ya isa ya narkar da ƙasa, kuma ba su warware wannan ba. Na yaba musu da faɗin gaskiya, amma ki lura babu ayar da ta ambaci wannan hanzartawa. An ƙirƙiro mu'ujiza ne don a ceci lissafi.

Za a kuma ce miki awon kabon-14 ba abin dogara ba ne, don haka biliyoyin sun rushe. Mai faɗin haka ya haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba. Kabon-14 rabinsa yana ƙarewa cikin shekara 5,730, ba ya aiki bayan wajen shekara 50,000, kuma a kan abin da ya taɓa rai ake amfani da shi, kamar itace da ƙashi. Ba da shi aka auna duniya ba. Amma ko shi kaɗai ya isa ya ba Ussher matsala, kuma ba sai mun je Turai ba. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa. Na itacen maɗaci ne, tsawonsa ya ɗan haura mita 8, an sassaƙe shi da gwaninta, baki da gindi a fiƙe. Ɗakunan bincike biyu a Jamus suka auna shi, ya kai shekara 8,000. Wato wani masassaƙi yana aikinsa a bakin Komadugu Gana shekara 2,000 kafin ranar da Ussher ya ce an halicci haske. A lissafin nasa kuma ruwan tsufana ya sauka wajen 2348 kafin Almasihu, lokacin babban dalar Giza ya yi shekara 200 a tsaye, Masarawa kuma suna ta naɗa sarakuna suna rubuta tarihinsu ba yankewa.

Idan makarantarku ta kai ku aikin fili a Sakkwato, ki buɗe ido. Dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina cike yake da ɓawon halittun teku. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wani ƙaton dabban ruwa mai kama da kada, har aka sa masa suna Goronyosaurus, ya rayu wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, lokacin da teku ya ratsa Sahara. A Gadoufaoua cikin hamadar Nijar kuma ga ƙasusuwan dinoso na shekara miliyan 110. Wani zai ce ai ga shaidar tsufana nan. Masu binciken farko ma haka suka zata, kuma da yawansu limaman coci ne. Adam Sedgwick, firist na Anglican kuma farfesa a Cambridge, ya koyar da haka, sannan a 1831 ya tashi a gaban ƙungiyar masana duwatsu ta Landan ya janye maganarsa, shekara 28 kafin littafin Darwin ya fito. Abin da ya sa wannan bayani bai tsaya ba shi ne abin da ake tararwa a tsakiyar shimfiɗun: kaurin gishiri wanda sai ruwa ya ƙafe yake taruwa, tsagewar laka da rana ta busar, sawun dabbobi, sheƙar dinoso da ƙwai a jere, saiwoyin itatuwa a inda suka tsiro, hawa kan hawa. Dabba ba ta yin sheƙa ta saka ƙwai a ƙarƙashin rigyawa.

Mafaka ta ƙarshe ita ce a ce Allah ya halicci duniya da kamannin tsufa, kamar yadda ya yi Adamu babban mutum. Allah mai iko ne, ba na musu. Amma girma daban, tarihin abin da bai faru ba daban. A 1987 masana suka ga fashewar wani tauraro wanda haskensa ya yi tafiyar shekara 168,000 kafin ya iso mu. Idan duniya 6,000 ce, to tauraron bai taɓa fashewa ba, hoton fashewar kawai aka saƙa cikin haske. Titus 1:2 ya ce Allah ba ya ƙarya, Zabura 19 ta ce sammai suna shelar ɗaukakarsa, Romawa 1:20 ta ce ana gane ikonsa ta wurin abin da ya yi. Ban iya haɗa waɗannan ayoyi da halitta mai ba da shaidar zur ba.

Game da mai wa'azin nan, ya wuce gona da iri. Aya ta farko ta ce Allah ne ya yi, kuma kin gaskata. Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da ta Nikiya sun ce Mahaliccin sama da ƙasa, ba su sa kwanan wata ba. Hukumar Littafi Mai Tsarki ta cocin Katolika a Roma tun 1909 ta bar wa masana su tattauna ma'anar kwanakin. Cocin Presbyterian na Amurka da ake kira PCA, wanda ba a san shi da sassauci kan nassi ba, ya karɓi rahoto a 2000 da ya ba fahimta huɗu wuri, har da wadda na bayyana miki. Wanda ya kawo bayanin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa a 1927, sannan a 1931 ya ce daga mafari guda ya faro, Georges Lemaître ne, firist na Katolika daga Beljiyam. Duk da haka kada ki miƙe a taron matasa ki ƙure babba a gaban jama'a, ba tarbiyyarmu ba ce, kuma ba ya sauya ra'ayin kowa. Ki sami fastonki a gida, da Littafi a hannu, ki ce Baba, ga abin da na gani a Matiyu 1 da Ibraniyawa 4, a taimake ni.

Saura abu mafi nauyi, wanda shi ne ainihin abin da yake tsorata masu ra'ayin 6,000, kuma tsoron nasu ba na banza ba ne. Idan dabbobi sun yi miliyoyin shekaru suna mutuwa kafin Adamu, ina maganar cewa zunubi ne ya kawo mutuwa? In kuwa ba zunubi ya kawo ta ba, me gicciye ya warware? Ki karanta Romawa 5:12 a hankali har ƙarshe. Bulus ya ce mutuwa ta bi dukan mutane domin duka sun yi zunubi. Mutuwar 'yan Adam yake magana a kai, maganinta kuma a 1 Korantiyawa 15 tashin 'yan Adam ne. Zabura 104, wadda waƙar halitta ce da ta bi tsarin Farawa 1, ta ce zakoki suna ruri suna neman abincinsu daga wurin Allah, ta kuma ƙirga wannan cikin ayyukan hikimarsa. A Ayuba 38 da 39 Allah da kansa yana nuna wa Ayuba zakanya da farautarta, da gaggafa da 'ya'yanta masu shan jini. Itacen rai da ke gonar ma yana nuna cewa rashin mutuwa kyauta ce da aka ajiye wa mutum, ba halin kowane mai numfashi ba. Romawa 8:20-22, inda halitta duka take nishi, ita ce ayar da ta fi ba wannan fahimta wahala. Ni ina karanta ta a kan ƙasar da mai kula da ita ya faɗi ya ja ta cikin wahalarsa, amma na san malamai nagari da suke ganin ta fi haka faɗi.

Kada kuma ki bari a ɗaure miki shekarun duniya da batun asalin mutum a igiya ɗaya. Sedgwick ya yarda duniya tsohuwa ce, ya kuma yi adawa da Darwin har ya mutu. B. B. Warfield na Princeton ya rubuta a 1911 cewa daɗewar mutum a duniya ba ta da nauyi a tauhidi, abin da yake da nauyi shi ne 'yan Adam duka tushensu ɗaya. Ni ina riƙe da cewa Adamu mutum ne na gaske kuma faɗuwarsa ta faru cikin tarihi, domin Bulus ya gina Romawa 5 a kan haka. Yadda wannan zai zauna da ƙasusuwan mutanen dā da binciken ƙwayoyin gado tambaya ce mai zaman kanta, kuma ta fi wadda kika yi yau wuya. Idan kin shirya ki aiko ta, amma ki fara karanta Farawa 2 zuwa 4, Romawa 5 da 1 Korantiyawa 15 a zama ɗaya.